Rufin Ɗakin Inna

A watan nan babu wanda ya kai kafinta daraja a Suleja. Tun da ofishin harajin gidaje ya yi shelar cewa duk wanda ya gyara tsohon gidansa kafin ƙarshen wata za a yafe masa harajin da ya taru a kansa, a kuma ɗaga masa ƙafa na wasu shekaru, garin ya cika da ƙarar guduma. Wanda kuwa wa'adin ya wuce shi, ko dai ya biya na baya gaba ɗaya, ko a shafa wa ƙofarsa jan fenti a garƙame. Mutanen da suka shekara ba su amsa gaisuwar kafinta ba, yanzu har gida suke bin sa da ledar lemo.

Ranar Litinin wa'adin zai cika. Ranar Asabar da hantsi wata mata ta shigo caji ofis tana kaɗa makullin mota, ta ce babba take son gani.

Aka kai ta wurin Sufeto Tanimu Gawu, mutum mai sanyin magana da ba ya son a hanzarta shi. Ta ce sunanta Jannatu, a Abuja take aiki, ita ce ke gyara gidan mahaifinsu marigayi Malam Sha'aibu a unguwar Wambai. An gama komai, saura rufin ɗakin mahaifiyarsu, Inna Saudatu. Yau da safe ta iso ta tarar sabon kwanon da za a buga ya yi ɓatan dabo.

Sufeto ya tambaye ta me ya hana ta sayo wani. Ta ce ba irin na kasuwa ba ne, dogon kwano ne shuɗi da kamfani ya yanka daidai awon ɗakin, kuma ko yau ta biya ba za ta samu ba sai wa'adi ya wuce.

"In bai hau ba kafin Litinin fa?"

"Yallaɓai, duk abin da na tara ya tafi a gyaran nan. Ba ni da na biyan harajin baya. In suka rufe gidan, sai dai in ɗauke Inna in kai ta wurina a Kubwa. Ita kuwa ta ce gawarta ce kawai za ta fita daga gidan nan."

Da ya tambaye ta wa take zargi, ba ta yi jinkiri ba. Ta ce Ikenna kafinta, domin yayanta ya gan shi.

Gidan yana ƙarshen wani lungu. Tun daga nesa ya fita daban, fenti ruwan madara, ƙofar ƙarfe sabuwa dal, tagogi masu gilas. Maƙwabta sun fito suna jajantawa, amma jajen nasu da ɗan daɗi-daɗi a ciki. Shi kansa Sufeto da ya taka tayil ɗin zauren sai da ya tuna ɗakinsa na bariki da bokitin da ke kwana a ƙarshen gadonsa duk damina. Ya kawar da kai ya shiga aiki.

A kusurwar zauren an tura wani keken ɗinki an lulluɓe shi da zane. Mai keken yana tsaye a gefensa. Shi ne Siddiq, yayan Jannatu, tela, wanda bai taɓa barin gidan ba tun haihuwarsa. Ya tasar wa hamsin, siriri, tafin hannunsa na dama ɗaure da ƙyalle.

Siddiq ya yi bayani a natse. Ya ce jiya da ya dawo daga masallacin Juma'a kwanon yana nan a tsakar gida. Da yamma ya hango Ikenna a bakin lungu yana ƙus-ƙus da wani direban a-kori-kura. Yau da asuba ya fito bai ga kwano ba.

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi ɗakin Inna. Maimakon ya ga katako tsirara, sai ya ga tsohon kwano mai tsatsa, duk facin kwalta, an buga shi tsaf.

"Wa ya mayar da wannan?"

"Ni ne. Ikenna ya cire shi ran Alhamis ya rufe da tampol. Da na ga an sace sabon, na ce ba zan bar tsohuwa a ƙarƙashin tampol ba."

"Yaushe ka buga?"

"Yau da sassafe. A nan ma na yanke hannu."

Jannatu ta ce wannan kam Yaya ya kyauta. Ta faɗi haka ne tana duba wayarta, shi kuwa bai ko kalle ta ba.

Sufeto ya nemi a nuna masa inda aka jibge sabon kwanon. Bulo huɗu ne a jikin katanga, a kansu aka ɗora shi. Ya durƙusa ya tura yatsa cikin ƙasar da ke tsakaninsu. A jiƙe take sharkaf, daidai da sauran tsakar gidan. Jiya ana idar da Juma'a aka kece da ruwa har bayan la'asar, kuma tun daga nan ko yayyafi ba a yi ba. Da kwanon ya sha ruwan nan a kan bulon, da ƙasar ƙarƙashinsa ta ɗan bambanta. Ya goge yatsansa da hankici ya miƙe.

Aka samo Ikenna a shagonsa na bakin kasuwa. Ƙaƙƙarfan mutum ne da ya shekara ashirin da wani abu a garin, Hausarsa ta nuna, sai dai harshen bai gama lanƙwasa ba. Ya rantse da girman Allah jiya zazzaɓi ya kayar da shi, bai fita ko ƙofar gida ba.

Yana cikin rantsuwar wayarsa ta yi ƙara. Sufeto ya ce ya ɗauka, ya kuma buɗe murya kowa ya ji. Wani Alhaji ne daga Madalla yake faɗa, yana tambayar yaushe zai dawo ya ƙarasa rabin rufin da ya bari jiya.

Ikenna ya kashe wayar ya sosa ƙeya.

"Zazzaɓin a Madalla ya kama ka?"

"Oga, abeg. Na yi wa Hajiya Jannatu alkawari ba zan taɓa aikin kowa ba sai na gama nata. Amma wannan wata kowa yana ja na, kuɗi yana bin mutum har bayi. Tun safe na tafi, sai dare na dawo. Ka tambayi Alhajin, har abinci ya ba ni."

Sufeto ya kira Alhajin da kansa, ya tabbatar. Ƙarya dai Ikenna ya yi, amma ba irin wadda ake nema ba. Kafin Sufeto ya tashi ya gaya wa Ikenna cewa an mayar da tsohon kwanon kan ɗakin. Ikenna ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ya cire kwanon nan da hannunsa, da ma ya ruɓe, cirewar kuma ta mayar da shi rariya. Ko akurkin kaji aka rufe da shi, kajin za su kai ƙara.

Sufeto ya ce ya rufe shago ya biyo shi, ya taho da tsani.

A bakin lungun akwai shagon wata mata da kowa ke kira Maman Somto, mai sayar da omo da magi da biredi. Haya take a gidan da ke manne da na su Jannatu, kuma mai gidan nata ya ce ba zai gyara komai ba, a zo a rufe. Don haka ba ta ɓoye zafinta ba. Ta ce wasu Allah ya ba su 'ya'ya a Abuja, wasu kuma ya ba su mai gida mai taurin kai. Kullum sai ta share ƙurar simintin gidan da ba za ta taɓa kwana a ciki ba.

Sufeto ya bar ta ta sauke, sannan ya tambaye ta maganar mota. Ta ce lungun nan ko Keke Napep sai ya goge mata tebur kafin ya wuce. Tun Alhamis babu a-kori-kurar da ta tsaya a nan, kuma babu wanda ya fito da dogon kwano a ka. Da ta gani, domin ba ta da aikin da ya wuce kallon gidan nan.

"Ƙarar guduma fa? Kin ji yau da sassafe?"

"Yau? Babu. Jiya ne."

"Jiya da wane lokaci?"

"Ana huɗuba, Oga. Maza duk sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit, sai na ji kwam, kwam, kwam. Na ce Ikenna ya haukace, zai ja mana magana."

Ikenna da ke tsaye da tsani a kafaɗa ya ɓata rai. Ya ce tun zuwansa garin nan bai taɓa ɗaga guduma ana huɗuba ba, ko yaransa sun san doka ce. Maman Somto ta ce to in ba shi ba wa zai yi? Ai duk matan lungun haka suka ɗauka, tunda Musulmi yana masallaci.

Sufeto ya gyaɗa kai. Wanda ya zaɓi wannan lokacin ya san abin da matan lungu za su ɗauka.

Da suka koma gidan ya ce yana son ya gaida Inna. Nan take Siddiq ya sha gabansa. Ya ce tsohuwa ce, ba ta gani sosai, hawan jini gare ta, kuma ba a saba namiji baƙo ya shiga cikin gida ba. Sufeto ya ce gaskiya ne, shi ma ɗan gida ne, ya san haka. Sai ya tsaya daga tsakar gida ya ɗaga murya ya yi sallama, ya ce ɗanta ne daga Gawu ya zo gaisuwa.

Daga ciki aka ce, "Ɗan Gawu ai ɗan gida ne. Shigo."

Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa. Inna Saudatu na zaune a kan gado, 'yar ƙaramar tsohuwa mai faɗin fara'a, idanunta sun yi fari-fari. Jannatu ta zauna a gefenta. Siddiq ya tsaya a waje, jikin taga.

Ba a gama gaisuwa ba Inna ta shiga yabon Jannatu. Ta ce ya ga tayil? Jannatu ce. Ya ga famfo har cikin bayi? Jannatu ce. Jiya ma da suka je bikin suna a Izom ita da matan unguwa, sai da ta ba kowa labari. An ce mata ran Litinin ma'aikatan haraji za su manna ɗan allon ƙarfe a ƙofa mai ɗauke da sunan wanda ya gyara gidan, to ita so take a kai hannunta ta shafa sunan 'yarta.

Sufeto yana saurare, amma idonsa na kan taga. Ya sha ganin fuskar mai fushi da ta mai tsoro. Wannan ba ko ɗaya ba ce. Fuskar mutumin da ake rabon nama a gabansa ce, aka tsallake shi, kuma ba yau aka fara ba.

"Inna, a ina kika kwana jiya?"

"A nan mana. Da ma a falo suka ajiye ni tun da aka buɗe rufin, tayil ɗin nan sanyi kamar randa. Muna dawowa daga Izom, ruwa bai gama tsayawa ba, Siddiq ya ce in koma ɗakina, ya mayar min da rufina."

Jannatu ta ɗago kai daga waya.

"Bai yi yoyo ba?" in ji Sufeto.

"Abin da ya ba ni mamaki ke nan, ɗan nan. Shekara da shekaru kusurwar can tana ɗiga, har kwanon tarar ruwa nake ajiyewa. Jiya na lalubi kwanon na ji shi a bushe. Ko ƙarar ruwan ma ba irin wadda na saba ba ce, kamar an rufa wa ɗakin bargo. Na ce masa, kai Siddiq, yau kam rufinka ya yi."

Sufeto ya dubi silin ɗakin. Fari tas, babu ko tabon ɗigo. Ya yi wa Inna godiya ya fito, ya ce wa Ikenna ya kafa tsani ta bayan ɗakin.

Ikenna ya hau, ya zare ƙusoshi biyu, ya ɗaga gefen tsohon kwanon. Shuɗi ya haska a ƙarƙashi. Ya ɗaga na gaba, nan ma shuɗi. Ya daɗe yana kallo kafin ya leƙo ƙasa.

"Oga, duka suna nan. Kuma wanda ya jera su ya san aiki. Baki ya hau baki daidai. Ko ƙusa ɗaya bai huda su ba, a gefe-gefe ya kama tsohon."

Siddiq bai gudu ba, bai kuma yi musu ba. Ya zauna a kan ɗaya daga cikin bulon nan huɗu.

Sufeto ya jero masa abin a hankali. Ka ce yau ka buga, Inna ta kwana a ƙarƙashinsa jiya. Ka ce ka dawo masallaci ka ga kwano, ƙasa ta ce an ɗauke shi kafin ruwa. Ka ce ka ga mota, babu motar da ta zo. Juma'ar ma ba ka je ba.

"Ban je ba," in ji Siddiq. "Tun da na balaga ban taɓa rasa ta ba sai jiya."

Jannatu ta fito ta tsaya a kansa. "Yaya, me na yi maka?"

Da ya amsa, ba ita yake kallo ba, rufin yake kallo. Ya ce tun rasuwar Baba shi ke hawa can duk farkon damina da gwangwanin kwalta. Babu facin da bai san ranar da ya yi shi ba. Shi ke kai Inna asibiti, shi ke ɗebo ruwa in famfo ya ɗauke, shi ya ƙi aikin da aka samo masa a Kaduna don kada ta zauna ita kaɗai. Bai taɓa jin ta ba wa kowa labarinsa ba. Ran Alhamis yana tsaye Ikenna ya ɓamɓaro aikinsa na shekara ashirin ya watsar a bayan bayi, Inna tana daga falo tana sa wa Jannatu albarka.

"Na ji baƙin ciki, ba zan ɓoye ba. Na ce allon nan mai sunanki ba zai hau ƙofar ubana ba. In wa'adi ya wuce sai in ce an tsinci kwanon."

"To me ya sa ka shimfiɗa shi a kan ɗakin?" in ji Sufeto. "Da ka jefa shi a rijiya, da har yanzu ina yawo."

Siddiq ya dube shi kamar ya yi tambayar yara. "Tsohon ya zama rariya, Yallaɓai. Hadari ya haɗo. In bar ruwa ya sauka a kanta?"

Jannatu ta tambaye shi ko ya san abin da zai biyo baya in wa'adin ya wuce. Ya ce ai sai ta biya, tunda tana da shi. Nan ta gaya masa abin da ta gaya wa Sufeto da safe, cewa ba ta da ko sisi, har motar da take kaɗa makullinta ta sa a kasuwa. Da an rufe gidan, da Inna ta koma Kubwa.

Bai san wannan ba. Rabon da su zauna su yi magana ta minti biyar an yi shekaru, komai sai dai ta bakin Inna. Ya sunkuyar da kai.

Jannatu ta ce ta janye ƙararta. Sufeto ya ce nata mai sauƙi ne, amma akwai mutumin da aka ɗora wa sata da shaidar ƙarya, wanda da yanzu yana tsare a bayan kanta, sunansa kuma ya ɓaci a garin da ya shekara ashirin yana neman abinci. Dole Siddiq ya je ofis ya rubuta bayani, sauran kuma sai abin da Ikenna ya ce. Ikenna daga kan rufi ya ce shi yanzu ba ya jin magana, ransa a ɓace yake, a bar shi ya gama aikin tsohuwa tukuna.

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya ce wa Siddiq ya tashi su tafi. Sun kai bakin zaure Siddiq ya waiwaya ya ce wa Ikenna ya ɗan ɗaga katakon kusurwar gabas kafin ya buga, nan ruwa ke kwanciya, daidai kan gadon Inna. Ikenna ya matsa ya duba kusurwar.

Sai ga Inna ta fito tana lalube da bango, da 'yar kwalba a hannunta. Ta ji komai, domin idon ne ya tafi, kunnen yana nan.

"Ɗan Gawu, in ka tafi da shi wa zai ɗiga min maganin ido?"

Jannatu ta yi sauri ta miƙa hannu. "Kawo, Inna, ni zan sa miki."

Inna ta janye kwalbar ta ƙanƙame a ƙirji. "Ke ba ki san wane ido ake farawa da shi ba."

Sufeto ya saki hannun rigar Siddiq ya juya baya yana duba agogon da bai da niyyar karantawa. Siddiq ya dawo ya zaunar da ita a bakin baranda, ya tallafi ƙeyarta da hannun mai ciwo, ya ɗiga a hagu, ya jira ta lumshe, sannan ya ɗiga a dama. Da ya gama ta riƙe ƙyallen da ke hannunsa, ta ce a ofis ɗin ya roƙi a sake masa wani, wannan ya jiƙe.

Da Sufeto ya juyo, idonsa ya faɗa kan Jannatu. Tana tsaye a tsakiyar tayil ɗin da ta saya, hannunta har yanzu a miƙe, fuskarta irin wadda ya gani ɗazu a jikin taga.

Ya tasa Siddiq a gaba suka fita. Suna cikin lungu aka fara buga guduma a bayansu.